Matashin Kirikasamma mai son fim, labarinka yana bakin kogi

Duk matashin da ya tashi a ƙasar Haɗeja da sha'awar harkar fim, hanya ɗaya aka nuna masa: ya tattara ya nufi Kano, ya maƙale a Zoo Road yana riƙe wa wani darakta jaka ko fitila, har Allah Ya kawo ranar da za a miƙa masa kyamara. Ranar da aka miƙa masa kuwa, abin da ya tarar shi zai ɗauka: falo mai kujerun alfarma, mota mai baƙin gilashi, ɗan Alhaji da 'yar talaka. Garinsu ya koma wurin zuwa Sallah kawai. A ganina wannan asara ce, gare shi da mu baki ɗaya.

Akwai wata al'umma a can nesa da ta taɓa shiga irin wannan hali, wato Maori, 'yan asalin ƙasar New Zealand, waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar ba. Shekara da shekaru Turawa ne ke ɗaukar su a fim yadda suka ga dama. Sai a 1987 Barry Barclay ya fitar da Ngati, labarin wani ƙauyen Maori daga bakin masu ƙauyen. A 1988 Merata Mita ta biyo baya da Mauri.

A kan wannan turba Taika Waititi ya taso. Abin da ya fara fito da shi duniya gajeren fim ne wanda bai kai minti 15 ba, na wasu yara da ke zaune cikin motoci biyu suna jiran iyayensu da dare, kuma ya shiga takarar Oscar a 2005. Daga baya ya koma yankin da ya yi ƙuruciya ya ɗauki Boy, wanda ya fito a 2010 ya kafa tarihin ciniki a cikin finafinan ƙasar. A 2020 ya karɓi Oscar ɗin. Ƙofar gidansu ce ta kai shi Amurka.

To, me Kirikasamma ta rasa na labari? A nan dausayin Baturiya yake, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai duk shekara. A nan ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda kogin Haɗeja ke tafiya, har gonar wani ta nutse, ta wani kuma ta bushe. A nan manomin shinkafa ke yini yana korar jan baki, masunci ke kwana a kan ruwa, makiyayi da manomi ke kallon fadama ɗaya kowa da lissafinsa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun raba dubban mutanen Jigawa da gidajensu, amma abin da sauran 'yan Najeriya suka gani alƙaluma ne a labarai. Uwar da ta kwana a ajin firamare da 'ya'yanta, ko tsohon da ya ƙi barin rumbunsa, kowannensu fim ne. Ga kuma tarihi: Sarki Buhari, da Sarki Muhammadu da ya yi shahada a yaƙin Turawa na 1906.

Wani zai ce mutanen da ke fama da ambaliya ina su ina fim? Ai wanda ba a ganinsa shi ake mantawa ranar rabon kasafi. Fim na minti 10 da ya nuna yadda kacalla ta cinye gonar mutum ɗaya zai isa kunnen da takardar koke ba ta isa ba. Wani kuma zai kawo maganar tarbiyya, kuma yana da hujja, don mun ga yadda ƙorafin malamai ya sa aka janye shirin gina alƙaryar fim a Kano a 2016. Sai dai wanda ke ɗaukar fim a gaban kawunsa da limamin unguwarsu ya fi kowa sanin iyakarsa. Barin fagen ga wasu shi ke kawo abin da ake gudu.

Abin lura shi ne, hazaƙa kaɗai ba ta kai Maori inda suka kai ba. Ƙasarsu na da hukumar fim tun 1978 wadda ke zuba kuɗi a gajerun finafinan masu tasowa, kuma a 2004 aka buɗe musu tashar talabijin tasu. Mu ma ba sai an gina alƙarya ba. Gwamnatin Jigawa za ta iya ware ɗan asusu na gajerun finafinai duk shekara, da sharaɗin a ɗauke su a cikin jihar. Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗeja za su iya buɗe horo na 'yan makonni kan rubuta labari, ɗaukar sauti da tace hoto. Masarautar Haɗeja kuma ta buɗe ƙofar tarihinta ga masu bincike.

Shi kuma matashin, kada ya zauna jiran gwamnati. Turmin Danya da aka yi a 1990, wanda ake ɗauka a matsayin tushen Kannywood, da kayan da ba su kai wayar hannun yau ba aka ɗauke shi. Izzar So ya nuna cewa ta YouTube ma ana samun masu kallo. Ya je Kano ya koyi sana'a, babu laifi, amma ya dawo da ita gida. Da ɗan gari ake cin gari, kuma idan ɗan Kirikasamma bai ɗauki Kirikasamma ba, baƙo zai zo ya ɗauke ta yadda ya ga dama.