Magana Ga Malamai Da Almajirai A Kan Riƙon Ɗan Da Ba Kai Ka Haifa Ba

Da sunan Allah muke farawa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, wanda ya tashi maraya a hannun kakansa, sa'an nan a hannun baffansa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai masu karanta wannan takarda, ina so in yi magana da ku a kan riƙon yara, da kuma aikin mutanen nan da hukuma ta sa su duba shi, watau ma'aikatan jin daɗin jama'a. Na ji waɗansu daga cikinmu suna cewa aikinsu aikin Nasara ne, babu ruwan malami da shi. Ni kuwa na ce mafi yawan abin da suke nema a wurinmu, littattafanmu sun riga su nemansa, mu ne muka yi sakaci da shi.

Ina rubuta wannan daga Gonin Gora, a bakin Kaduna ta kudu, ƙetaren kogi, cikin ƙasar Chikun, bisa babbar hanyar Abuja. Kun san tun rikicin shekarar 2000 garin Kaduna ya rabu, mafi yawan Musulmi suka tattara arewacin kogi, mafi yawan Kirista suka tattara kudancinsa, kuma nan Gonin Gora Kirista ne suka fi yawa. Marayu kuwa ba su yanke ba, a wannan gefen ko a wancan. A ƙarshen watan Fabrairu na 2024 'yan bindiga sun shigo nan cikin dare suka tafi da mutane. Ƙauyukan Chikun da yawa mutanensu sun gudo bakin birni, wata mace da 'ya'yanta, wata da 'ya'yan 'yar'uwarta da ta rasu. Kowane ɗaya daga yaran nan yana hannun wani, kuma da wuya ka sami inda aka rubuta hannun wa yake, ko ɗan wane ne.

Ku sani, riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni ana yaye ɗan fari a kai shi gidan kaka, ana ba gwaggo wadda Allah bai ba haihuwa ba 'yar ɗan'uwanta ta riƙe har ta aurar. Abin da ya sa wancan riƙo ya yi kyau shi ne dukan gari shaida ne. Kowa ya san wance 'yar wane ce, ko da ta shekara ashirin a ɗakin gwaggonta, kuma ran aurenta wajen dangin ubanta za a je neman waliyyi. In mariƙiya ta yi mata riƙon sakainar kashi, kawu zai ji, mai unguwa zai ji, a zo a ɗauke ta. Yanzu fa? Mutum yana haya a unguwar da bai san sunan maƙwabcinsa ba, ya shigo da yaro yau, ya tashi da shi gobe, babu mai tambaya. Idon garin nan da ya rufe, shi ne ma'aikacin hukuma yake ƙoƙarin maye gurbinsa da alƙalami da takarda da ziyara.

Ga abin da ya faru inda babu ido. A watan Oktoba na 2019 'yan sandan Kano suka bayyana yara tara da aka sace daga unguwannin Kano aka kai su Anaca, cikin jihar Anambra, aka sayar. An sauya musu suna, an sauya musu addini, waɗansunsu sun daɗe har harshen iyayensu ya kuɓuce musu. A 2021 kotu a Kano ta yanke wa babban mai laifin ɗaurin shekara 104. Hanyar da manyan motocin Kano zuwa Anaca suka saba bi, ita ce wannan da ke ratsa Gonin Gora, kuma duk sa'ad da na ga babbar mota ta wuce da dare sai in tuna da su. Abin lura shi ne, ɓarawon yaro ba ya sata sai ya san akwai mai saye, mai saye kuwa sau da yawa mutum ne mai son ɗa wanda ba ya so a tambaye shi inda ya samo.

Wata biyu bayan wannan, a Disamba na 2019, hukuma ta shiga gidajen marayu na Du Merci a Kano da Kaduna, waɗanda Kirista ke riƙe da su, ta kwashe yara 27 ta kai gidan yara na gwamnati a Nasarawa cikin Kano. A 2021 kotu ta wanke mai gidan daga tuhumar satar yara, amma jayayya a kan yaran ta ci gaba shekaru, har masu gidan suka yi ƙorafin cewa an sauya wa waɗansu ƙanana sunayensu. Ni ba alƙali ba ne a wannan shari'a. Abin da nake cewa shi ne, idan mun yi kuka da aka sauya sunan ɗan Kano a Anaca, to wajibi ne mu saurari mai irin wannan kuka ko da ba addininmu ɗaya ba, domin mudun da muka auna wa kanmu da shi, shi za mu auna wa maƙwabci. Kuma ku duba wanda ya biya kuɗin jayayyar: manya suna kai da komo a kotu, yara suna girma a tsakani.

To, mu komo ga littafi. Malaman fiƙihu sun buɗe babi a kan ɗan tsintuwa, wanda suke kira laƙiɗi, kuma duk almajirin da ya kai ƙarshen Muhtasar na Shehu Halilu ya gamu da shi. Ɗaukar yaron da aka yar farali ne na kifaya, idan wani ya yi ya ɗauke wa saura, idan kowa ya wuce shi har ya mutu duk wanda ya sani ya yi laifi. Yaron ɗa ne, ba bawan wanda ya tsince shi ba. Ciyar da shi yana kan dukiyarsa idan an same shi da ita, ko baitulmali, in babu sai ya koma kan wanda ya ɗauka. A Muwaɗɗa akwai labarin mutumin da ya tsinci jariri a zamanin Sayyidina Umaru. Halifa bai bar masa shi nan take ba, sai da ya tambaye shi dalilin ɗauka, sai da shugaban mutanensa ya shaidi halinsa na kirki, sa'an nan ya bar yaron a hannunsa ya ɗora ciyarwa a kan baitulmali. Ku duba da kyau: an kai wa hukuma, an binciki mai riƙo, an nemi shaida, an yanka abin ciyarwa. Wane ne daga cikin waɗannan ma'aikacin jin daɗin jama'a ya ƙirƙiro?

Har ma addinin yaron malamanmu ba su bar shi ga son zuciyar mai ɗauka ba. A mazhabar Maliku ana duba inda aka tsince shi. Idan garin Musulmi ne a hukunta shi da Musulunci, idan kuwa gari ne da babu Musulmi cikinsa a hukunta shi da addinin mutanen wurin, idan akwai gida biyu ko uku na Musulmi sai a duba wanda ya ɗauka. Dalilinsu shi ne a bi abin da ya fi rinjaye game da iyayensa. Watau suna neman asalin yaro ne tun ba a san shi ba. A gari irin Kaduna, inda gada ɗaya ta raba unguwar masallatai da unguwar coci-coci, wannan mas'ala ta cancanci a karantar da ita a zaure da hankali.

Abin da shari'a ta hana shi ne tabanni, watau mutum ya ɗauki ɗan wani ya jingina shi ga kansa, ya ba shi sunansa, ya mai da shi magaji. Kun san ƙissar Zaidu ɗan Harisa, da yadda Suratul Ahzabi ta mayar da kiransa ga ubansa. Amma waɗansunmu sun riƙe hanin suka manta da umurnin, sai ka ji mutum yana cewa tsintacciyar mage ba ta mage, ya bar jariri a gidan marayu yana ganin ya yi tsantseni. Alhali kuwa kafala, watau ka ɗauki nauyin yaro, ci da sha da sutura da karatu da tarbiyya, yana riƙe da sunan ubansa, tana cikin manyan ayyukan lada. Duniya ma ta san da ita: yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta, kuma ƙasar Maroko ta yi mata doka a 2002, inda alƙali ne ke danƙa yaro kuma ana bin sawunsa bayan an danƙa. A nan Nijeriya akwai dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018. A dokar tarayya riƙo daban ne, ɗaukar ɗa dungurungum daban, kuma dukansu ta hannun kotu suke bi. Ƙofar riƙo a buɗe take ga Musulmi, babu abin da zai sa ya bi ta bayan gida.

Idan ka ce, rubutawa tonon asiri ne, musamman ga yaron da aka haifa ba ta hanyar aure ba, sai in ce maka rufin asiri yana nufin kada ka yi shela a kasuwa, amma bai halatta maka ƙarya a nasaba ba. Takarda tana iya zama a hannun alƙali da ma'aikaci da shaidu biyu, babu wanda zai gani sai ranar bukata. Ranar kuwa tana zuwa. Sau nawa muka ji mutum ya riƙe yaro tun yana jinjiri, ya ɓoye masa, ya rubuta sunansa a makaranta a matsayin uba, sa'an nan ya rasu, ran rabon gado 'yan'uwan mamaci su miƙe a gaban jama'a su ce wannan ba ɗanmu ba ne? Saurayi mai shekara ashirin ya rasa uba da suna da gida a wuni ɗaya. Da mariƙin ya je wurin malami tun da wuri, da an gaya masa yana da hanya biyu: wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, tun da yaron ba magaji ba ne, ko kyauta a lokacin lafiya, muddin an karɓe ta an mallake kafin ciwon ajali, domin a wurin Malikawa kyautar da ba a karɓa ba tana ɓaci da mutuwar mai bayarwa. Haka nan maganar muharramaka. Idan jariri ne cikin shekara biyu, matar gida ko 'yar'uwarta ta shayar da shi, an sami dangantakar nono. Wannan ma a rubuta wadda ta shayar, don kada wata rana a ɗaura auren wa da ƙanwa.

Ba na cewa ma'aikatan nan ba su da aibi. Ba su da yawa, yaran kuwa suna da yawa. Wani ya danƙa yaro ya shekara bai leƙa ba, domin ba shi da kuɗin mota. Takarda takan yi nauyi har talaka mai niyyar alheri ya gaji ya bari, mai kuɗi kuwa ya sami gajeriyar hanya. Wani kuma yana shiga gida da girman kai, bai san fiƙihun mutanen da yake yi wa aiki ba, yana kiran kowane riƙo da sunan ɗaukar ɗa, sai mai gida ya tsorata ya rufe ƙofa. Maganin wannan na ƙarshe yana hannunmu, gama idan malamin unguwa ya zauna tare da shi ya fassara wa kowa maganar ɗan'uwansa, rabin tsoron ya tafi. Sauran kuwa haƙƙi ne a kan gwamnati, ita ce baitulmalin yau, kuma ciyar da yaron da ba shi da kowa bashi ne a wuyanta.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi kusa da mu. Ya kai malam mai almajirai, kai ma mariƙi ne, ko ka yarda da sunan ko ba ka yarda ba. Yaro ɗan shekara bakwai da aka kawo maka daga Katsina ko Maraɗi, ba shi da uwa a nan sai matarka, ba shi da uba sai kai. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta ɗibar almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, Kaduna ta aika kuma ta karɓa. A irin wannan rana, yaron da malaminsa ya rubuta asalinsa shi ne ake kai wa ƙofar gidan ubansa, wanda ba a rubuta ba kuwa sai a dogara ga abin da ƙaramin yaro ya iya tunawa. Mu da muke rubuta sanadin karatunmu daga malami zuwa malami, ba ya kamata a ce daftarin yara talatin ya gagare mu.

Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Kowane yaro shafinsa: sunansa da na ubansa da na kakansa, sunan uwarsa, garinsu da dagacinsu, wanda ya kawo shi da ranar da ya kawo shi, lambar wayar wani daga danginsa, da wata alama a jikinsa idan akwai. In maraya ne mai dukiya, ko akuya ɗaya ce, a rubuta ta a gaban shaidu. Da ajami ka rubuta, ya isa. Wanda ba shi da takardar haihuwa a nema masa a wurin hukumar ƙidaya. Wanda kuma ya tsinci yaro, a tasha ne ko a bakin hanyar nan ta Abuja, kada ya kwana da shi sai ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda, sa'an nan a kai maganar ofishin jin daɗin jama'a, kuma a rubuta wurin da aka same shi da sa'ar da aka same shi. Zanen da aka naɗe shi da shi ma a ajiye, kada a wanke a ba wani, domin wata rana uwa tana iya gane shi.