Mu Duba Sama: Daga Ina Ƙarfe Ya Fito?

Jama'a, a wannan wata muna so mu yi zancen ƙarfe. Mu mutanen Kakuri ba baƙinsa ba ne. Injunan masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ƙarfe ne. Motocin Peugeot da aka fara haɗawa a nan a 1975 ma ƙarfe ne. Har a jikinmu akwai shi, shi ya sa idan jinin mai ciki ya yi ƙasa, a asibiti akan ce ta ci hanta da ganye. To, daga ina ya fito?

Masana sun ce taurari ne maƙerarsa. Tauraro rana ce mai nisa. Babban tauraro yakan yi miliyoyin shekaru yana ci da wuta, yana dafa ƙarfe a cikinsa. Ran da makamashinsa ya ƙare sai ya fashe, ya watsar da abin da ya dafa. Daga irin wannan ƙura aka sami ranarmu da duniyarmu.

An ga haka da ido. A 1054 mutanen Sin sun rubuta cewa wani sabon tauraro ya fito a sashen sama da Kaza da 'Ya'yanta suke, ana ganinsa da rana tsaka har kwana 23. A watan Fabrairu 1987 an ga wani can kudu, wanda haskensa ya yi tafiyar shekara wajen 168,000 kafin ya iso mu. Ran 9 ga Oktoba 2022 kuma na'urori suka kama walƙiyar wata fashewa mai ƙarfin gaske, har ta taɓa iskar da ke can saman duniyarmu, amma ba ta cuci kowa ba.

Ga wata shaida. A 2014 masana a Ostareliya sun sami wani tsohon tauraro wanda kusan ba ƙarfe a cikinsa. Dalili kuwa, an haife shi tun taurari ba su fashe da yawa ba.

Abin da ya dame mu shi ne, fitilun gari sun rufe mana sama, yaranmu kuma sun sunkuyar da kai ga waya. Da yawansu ba su san Kaza da 'Ya'yanta ba, balle Gamzaki. Yaron da bai ɗaga kai ba, yaya zai yi tambaya?

Saboda haka, iyaye, idan aka ɗauke wuta da dare a watan Janairu, kada mu tsaya ga gunaguni. Mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Mu nemi taurari uku da ke jere, kusa da su akwai wani ja mai suna Betelgeuse. Masana sun ce shi ma wata rana zai fashe, amma yana da nisa ƙwarai, ba abin tsoro. Mu nuna wa yara shi, mu gaya musu inda ƙarfen jininsu ya fito.

Sai wata mai zuwa.