Hula, Mota da Gidan Abinci a Siyasar Amurka

Sharhinmu na yau ya leƙa Amurka, ƙasar da siyasa ta bar rumfar zaɓe ta bi mutane har ƙofar gida.

Ba'amurke a yau ba ya buƙatar ya tambayi maƙwabcinsa wa ya zaɓa, ido kawai zai kai farfajiyarsa. In ya ga ƙatuwar akori-kura, da tutar ƙasa tana kaɗawa, da takardar ƙungiyar masu bindiga ta NRA manne a gilashi, sai ya ce wannan ɗan Rifablikan ne. In kuwa 'yar mota ce irin Prius mai haɗa fetur da lantarki, ga allon neman haƙƙin baƙar fata a kafe cikin ciyawa, to ɗan Dimokurat ne. Da yamma wancan zai kunna Fox News, wannan ya kunna wata tashar, kowa ya kwana da labarin da ɗayan bai ji ba. Jar hular da Donald Trump ya fito da ita a 2015 kuwa, mutumin Kano ba ya neman bayani a kanta: ya san yadda hula ke riga mai ita magana.

Har abinci bai tsira ba. Akwai gidan abinci mai suna Cracker Barrel, wanda akan samu a bakin manyan hanyoyi, da kujerun katako masu lilo jere a baranda, ana soya kaza irin ta mutanen Kudu. Akwai kuma kantin Whole Foods na unguwannin masu hali, inda ake sayar da ganye da 'ya'yan itacen da ba a noma da takin zamani ba, a farashi mai tsada. Wani mai nazarin zaɓe, David Wasserman, ya lissafa cewa a 2016 Trump ya ci kashi 76 cikin ɗari na gundumomin da ke da Cracker Barrel, amma kashi 22 kacal ya samu a masu Whole Foods. Tazarar maki 54 ke nan. A zaɓen 1992 ba ta wuce 19 ba.

Wani zai ce ai kowa da abin da yake so, kuma gaskiya ne. Abin da ke damuna shi ne yawancin alamomin nan ba su da tushe a wata aƙida. Ku dubi motar Tesla. Shekara da shekaru 'yan Dimokurat masu damuwa da ɗumamar yanayi ne ke alfahari da ita, 'yan Rifablikan na yi mata kallon abin wasan 'yan birni. Da mai kamfanin, Elon Musk, ya koma gefen Trump, sai lamari ya juye. A farkon 2025 aka yi ta zanga-zanga a ƙofar shagunan Tesla, wasu masu motar suka liƙa takarda a bayanta suna bayyana cewa sun saye ta tun kafin mutumin ya sauya. A watan Maris na shekarar, Trump da kansa ya sa aka jera motocin a harabar Fadar White House ya zaɓi ja. Batirin bai canja ba, tayoyin ba su canja ba. Haka takunkumin fuska ya zama a 2020: ƙyallen kariya daga korona ya koma katin jam'iyya, a lokacin da mutane ke mutuwa a asibiti daga ɓangarorin biyu.

Illar tana zuwa ne lokacin da mutane suka fara zaɓar inda za su zauna da waɗannan alamomi. Ɗan jarida Bill Bishop ya nuna haka a littafinsa The Big Sort na 2008: a 1976 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Amurkawa ne ke zaune a gundumar da ɗan takara guda ke lashewa da tazarar maki 20 ko fiye, amma zuwa 2004 sun kusa rabi. Wanda ba ka haɗuwa da shi a majami'a, ko a kanti, ko a makarantar 'ya'yanka, duk abin da aka faɗa maka a kansa za ka yarda.

Abin ya kai ga aure. A 1960, kimanin mutum biyar cikin ɗari ne suka ce ransu zai ɓaci in ɗansu ko 'yarsu ta auri ɗan wata jam'iyya. A 2010 kusan rabin 'yan Rifablikan ne suka faɗi haka, da kashi ɗaya cikin uku na 'yan Dimokurat. Wannan kuwa tun kafin Trump ya tsaya takara da shekara biyar.