Idan 'Yarki Ta Fara Rubuta Waƙa da Labari



Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, 'ya'yanmu na Tsafe da Bunguɗu sun samu karatu kusa da gida. A cikinsu akwai waɗanda darasin adabi ya sa suka fara gwada rubuta waƙa da ƙagaggen labari. Wata rana za ki tsinci irin wannan littafi a jakar 'yarki, gabanki ya faɗi, ki ce soyayya ta shigo gida. Don Allah kada ki yaga, kada kuma ki kai ƙara wajen babanta tun ba ki karanta ba. Yarinyar da aka kunyata ba ta daina rubutu, ɓoyewa take yi ta kai wa wasu a waya.

Rubutun mata ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Da waƙa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta karantar da matan karkara ta hannun jajis. Hajiya Hafsat Abdulwaheed kuwa, wadda ta daɗe da zama a Gusau, a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga mata So Aljannar Duniya.

Abin da 'yarki ta fi buƙata daga gare ki shi ne kunne. A aji za a koya mata ɗango da baiti, da ƙwar biyu da ƙwar biyar, da amsa-amo, amma kari a baki ake jin sa. Ki sa ta rera miki kina tsinke zogale. Ke da kika tashi da waƙoƙin Islamiyya, nan take za ki ji inda ɗango ya yi ɗingishi, ko inda ta cusa kalma don kawai amsa-amo ya fito. Ki faɗa mata, ba da dariya ba.

Labari ya fi wuya. Sabon marubuci kwaikwayo yake yi: attajiri, Dubai, mota ta alfarma, alhali yarinyar ba ta taɓa wuce Funtuwa ba. Ki ce ta rubuta matar da ta baro ƙauye saboda 'yan bindiga tana aikatau a Gusau, da irin Hausarta ta Zamfara, kada ta goge ta don ta yi kama da ta Kano. Amma ki ja mata kunne: asirin maƙwabciya ba kayan labari ba ne, ko an canza suna unguwa za ta gane.

In ta kammala, ta ajiye shi mako 2 ta sake dubawa, sannan ta nuna wa malamarta. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta mata ce zalla, tana iya sa ta a gaba bayan jarrabawa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.