Ninkin takarda ba wasan yara ba ne: darasin da makarantun Haɗeja ke bari yana wuce su

Duk wanda ya ga babba zaune yana ninke takarda na tsawon sa'o'i, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne mutumin ya rasa aikin yi. Sai dai wannan abin sha'awa da Japanawa ke kira origami yana ɗauke da ilimin da ya kamata malaman yankin Haɗeja su duba da idon basira.

Akwai wani reshe nasa da ba ya fitar da siffar tsuntsu ko kwale-kwale irin wanda yara ke yi a aji. Ana ɗaukar takarda ɗaya, babu yanka babu liƙi, a yi ta ninka ta biyu-biyu har ta kasu gida 16 ko 32 ta kowane ɓangare. Daga nan sai a bi layukan ana tattarowa ana murɗawa, har zane guda ya maimaitu ya cika fuskar takardar ba tare da giɓi ba. Idan aka ɗaga ta sama haske ya ratsa, sai ka ga taurari da furanni kamar aikin hula.

Wani malamin makaranta ɗan Japan, Shuzo Fujimoto, yana cikin waɗanda suka share fagen wannan fasaha. Shi kuwa Ba'amurke Chris Palmer, zanen bangon fadar Alhambra da Musulmi suka gina a Andalus ne ya ja hankalinsa, ya mayar da shi kan takarda da yadi. Abin bai tsaya ga ado ba: salon ninkin da masanin Japan Koryo Miura ya ƙirƙiro, da shi aka gwada naɗe faifan tara hasken rana na wani tauraron ɗan'adam da Japan ta harba a 1995, ya buɗe a sararin samaniya.

To me ya haɗa wannan da Baturiya? An fi sanin wannan dausayi na ƙaramar hukumar Kirikasamma da tsuntsayen da ke yin ƙaura daga Turai, kuma a 2008 aka sanya shi cikin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Amma fadamar kogin Haɗeja gidan goruba ce kuma, da kabarta ake saƙa tabarma da kwando da igiya. Mai saƙar da ke ƙirga zare biyu sama, biyu ƙasa, don zane ya fito daidai daga wannan baki zuwa wancan, lissafin mai ninkin takarda yake yi. Idan ya kuskure ƙirga ɗaya, zanen ya karkace.

Abin takaici shi ne ɗan wannan masaƙi yana zuwa aji a zana masa alwatika a allo, a ce ya haddace cewa kusurwoyinta digiri 180 ne, ya fita bai ga alaƙarta da komai ba. Da za a ba shi takarda ya ninke kusurwoyin uku su haɗu a kan layi ɗaya, ya gani da idonsa. Da hannunsa zai gano dalilin da ya sa cikin siffofi masu daidaitattun ɓangarori, uku ne kawai ke cika fili babu giɓi: alwatika, murabba'i, da mai kusurwa shida irin ta saƙar zuma.

Wani zai ce makarantun da ke fama da ƙarancin malamai da kujeru, ga ambaliya da damina, ina suka ga ta ninkin takarda? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai wannan ne darasin da ba ya neman lantarki ko kwamfuta ko ɗakin gwaji. Tsoffin takardun ofis da ake ƙonawa ko a naɗe tsire da su sun isa, muddin an kiyaye kada a taɓa mai ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah.

Ba sabuwar manhaja ake nema ba. Kwalejin Ilimi ta Gumel na iya koya wa ɗalibanta masu shirin zama malaman lissafi, hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jigawa kuma ta ƙarfafa shugabannin makarantu su gayyato masaƙan gari cikin aji, tabarma a gefe, takarda a gefe. Yanzu da tabarmar roba ke korar ta kaba daga kasuwa, yaron da ya gane cewa saƙar kakarsa ilimi ce zai fi wuyar raina ta, kuma zai daina gudun lissafi.

Mai karatu ma zai iya gwadawa a daren yau: takarda mai kusurwa huɗu daidai, tebur ko faranti, da ɗan haƙuri.