RA'AYINMU: In uba ya ce a'a, a bar masa ɗansa



'Yan uwa matasa, akwai ɗabi'ar da ya wajaba a yi wa tufkar hanci. Za a shirya wa'azi ko musabaƙa a Gummi, a gayyaci yara daga Anka da Bukkuyum, wani uba ya ce ɗansa ba zai je ba. Sai a ce raunin imani ne, wani ma ya zagaya ya zuga yaron ya fita a ɓoye. Wannan kuskure ne babba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani ya nemi izinin fita jihadi, Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi ga hidimar iyayensa. Uwaisul Ƙarni hidimar mahaifiyarsa ce ta tsare shi a Yaman, bai ga Annabi ba, amma aka umurci Sayyidina Umar ya nemi addu'arsa. To ina ga taronmu?

Sannan a yi wa iyayen nan adalci. Waɗanda gubar dalma ta raba da yara sama da 400 a 2010, suka ga an kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe a 2021, ba a zarginsu don sun ji tsoron sa yaro a mota.

Saboda haka a kai gayyata hannun uba, ba yaro ba. In ya ƙi, a yi godiya, kada a tsare shi da neman dalili, kada a goranta wa yaron a makaranta. In an dawo a maimaita masa karatun da aka yi. Uban da aka girmama bana, shi zai kawo ɗansa baɗi da kansa.

Allah Ya sa mu gane.