Mu Zaga Ƙasarmu: Birnin Kano da Ginin Ƙasa

A wannan wata za mu shiga cikin birnin Kano, watau tsohon garin da ke cikin ganuwa. Da yawa daga cikinmu mun yi shekaru a Sabon Gari, ko muna zuwa Kano cin kasuwa daga ƙauyukanmu, amma ba mu taɓa tsayawa mun dubi gine-ginen birni ba. Yaranmu kuma suna haddace sunayen sarakuna don jarrabawa, ba su san gidajen da sarakunan nan suka gina suna nan tsaye ba, tafiyar ƙasa da sa'a guda daga ƙofar makarantarsu.

Abin da muke so mu nuna shi ne wannan: tarihin Kano da ƙasa aka gina shi, ginin ƙasa kuwa ba ya tsayuwa da kansa. Kowace damina tana cin rabonta. In akwai mai yaɓe, gini ya kai shekara ɗari biyar. In babu, 'yan shekaru kaɗan sun isa ya koma tudu. Saboda haka duk tsohon ginin da muka tarar a tsaye, sai mu tambaya wane ne yake kula da shi, don me kuma.

Bari mu fara da yadda ake ginin, gama sai mun san wannan za mu gane sauran. Magina sukan haƙo ƙasa, su kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, su mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, su shanya a rana. Ana jera shi gindi a ƙasa, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya yi kauri daga tushe ya riƙa sirancewa zuwa sama. Rufi kuwa da azara ake yi, watau itacen giginya da aka tsaga, domin gara ba ta cika cin sa ba. Da yake azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki, sai magina suka ƙware wajen ɗaure ta guntu-guntu a cikin ƙasa su yi bakan gizo, su ɗora tulluwa a kai. A kusurwoyin soro akan tsayar da zankwaye, a sa indararo ya zubar da ruwa nesa da bango.

Wajen kare bango daga ruwa ne hikimar mutanen da ta fi bayyana. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Akwai kuma laso, wanda akan haɗa da katsi daga gindin rijiyar rini, da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara. Kun ga ke nan magini yana bukatar marini, yana bukatar majemi. Har kududdufan da ke cikin unguwannin birni, yawancinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, daga baya suka zama matattarar ruwan sama.

To, sai mu shiga ta Ƙofar Mata, a gabashin birni. Nan kusa da ƙofar akwai rijiyoyin rini, waɗanda ake cewa an fara su tun 1498. Ramuka ne masu zurfi da aka shafe cikinsu don kada su tsotse ruwa, a zuba baba da toka a bar su su jiƙa kwanaki, sa'an nan a riƙa tsoma zane ana ɗagawa iska ta buge shi har shuɗin ya kama. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa zanen Kano yana kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Yau rijiyoyi da yawa sun cike da ƙasa, gama atamfa da rinin kanti sun karɓe kasuwa. Waɗanda suka rage kuwa, sun rage ne domin akwai iyalan da ba su bar sana'ar kakanninsu ba.

Daga nan in muka miƙe yamma za mu iske Babban Masallacin Juma'a. Wanda muke gani yanzu ginin siminti ne, an gama shi a 1951 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Kafinsa akwai masallacin ƙasa mai doguwar hasumiya, wanda sai a tsofaffin hotuna ake ganinsa.

Jikin masallacin ta kudu akwai Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina ta, ya kuma faɗaɗa ganuwa don ta kewaye sabon wurin. A zamaninsa ne shehun malami Al-Maghili ya zo daga Arewacin Afirka ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake riƙon mulki. Bayan jihadi sarakunan Fulani suka shiga gidan nan suka zauna, zuriyar Sarki Ibrahim Dabo kuma ta ci gaba da zama a cikinsa. Gida ne mai faɗin eka fiye da 30, da soraye da zauruka da filaye. Abin lura shi ne, fiye da shekara 500 ba a taɓa barinsa kango ba. Kowane sarki ya gyara, ya rushe wani sashe, ya ƙara wani. Zama a cikinsa shi ya raya shi.

Kusa da fada akwai Gidan Makama, wanda shi ma tun zamanin Rumfa yake. Ana cewa a nan ya zauna kafin a gama masa fada. Yanzu gidan tarihi ne a hannun hukumar kula da kayan tarihi ta Nijeriya, kuma nan ne muka fi ba iyaye shawara su fara kai yara. Za su ga kayan yaƙi, da kayan sana'a, da tsofaffin hotunan birni, da ƙyamaren ƙofofin ganuwa na da. Amma ku ce musu su ɗaga kai su dubi rufin, su ga bakan gizo da jerin azara, su kuma lura da sanyin ɗakin ko da tsakar rana a watan Afrilu. Bango mai kauri yana shanye zafin rana, sai dare ya sake shi. Wanda ya kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano da bazara ya san bambancin.

Daga fada sai mu nufi arewa zuwa Kasuwar Kurmi, wadda ita ma Rumfa ya kafa a gefen rafin Jakara. Nan ayarin raƙuma ke sauke gishiri da kanwa da kayan Arewacin Afirka, fatake kuma su kawo goro daga Gwanja. Hugh Clapperton, da ya zo a 1824, ya yaba tsarin kasuwar da yadda ake bin doka a cikinta. Amma kada mu ɓoye wa yara ɗaya gefen. A Kurmi an sayar da mutane kamar yadda ake sayar da zane, kuma wasu daga cikin waɗanda aka sayar daga garuruwan kakannin masu karanta wannan shafi aka kamo su. Tarihi na gaskiya yana ɗauke da abin alfahari da abin baƙin ciki tare, yaro kuwa ya cancanci a gaya masa duka biyu.

Sunayen unguwannin birni ma darasi ne. Dandalin Turawa wurin zaman Larabawan Tarabulus da Gadamas ne, gama su ake kira Turawa kafin zuwan na Ingila. Zangon Barebari na mutanen Barno ne, Tudun Nufawa na Nufawa, Agadasawa na mutanen Agadas, Ayagi kuma na Yarabawa. Watau tun da daɗewa Kano gari ne da baƙo yake zuwa da sana'arsa, a ba shi wuri, jikokinsa su zama 'yan gari.

Arewa da Kurmi ga Dutsen Dala, inda labarin ya faro. Masu binciken ƙasa sun sami alamun narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da mutanensa masu bautar Tsumburbura a nan, kafin zuwan Bagauda. Wanda ya hau kan dutsen zai ga birni duka a ƙarƙashinsa, da Goron Dutse can yamma. Daga nan ne kuma zai gane abin da ya sami ganuwa.

Bisa ga Tarihin Kano, Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, a mulkinsa na 1095 zuwa 1134. Rumfa ya ƙara, Sarki Muhammadu Nazaki ya sake ƙarawa a ƙarni na 17. Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da wuraren kiwo, domin in abokan gaba sun yi wa gari zobe mutane su sami abinci, na ƙauye kuma su sami mafaka. A bayanta akwai rami mai zurfi da sarƙaƙƙiya. Ƙofofinta suna da yawa, kamar Kansakali, da Kabuga, da Dukawuya, da Gadon Ƙaya, da Na'isa, da Ɗan Agundi, da Nasarawa, da Mata, da Wambai, da Mazugal, da Ƙofar Ruwa, da Dawanau, da Waika. Kowace tana da Sarkin Ƙofa mai rufewa da dare ya buɗe da safe. Gyaran ganuwa kuwa aikin gayya ne, bayan damina a raba wa jama'a, kowane rukuni da nasa sashe.

Ta cikin ƙofofin nan ne Bishop Tugwell da Likita Miller da abokan tafiyarsu suka shiga a 1900, Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka koma ƙasar Zazzau. Bayan shekara uku, ran 3 ga Fabrairu 1903, sojan Ingila a ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa ta wajen Ƙofar Kabuga da igwa suka shiga, sa'ad da Sarki Alu yake can wajen Sakkwato. Gwamna Lugard ya rubuta a rahotonsa cewa tsayin ganuwar ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi kuma wajen ƙafa 40.

Igwa ba ta rushe ganuwar Kano ba, ƙofa ɗaya ta fasa. Abin da ya ci ta shi ne rashin aiki. Daga ranar nan babu sauran yaƙin da za ta tare, saboda haka gayyar gyara ta mutu. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ciniki ya koma waje wajen tasha da Fagge da Sabon Gari. Ruwa ya yi ta zaizaye ta shekara da shekaru. Masu gini suka riƙa ɗibar ƙasarta, waɗansu suka kafa gidaje da shaguna a kanta, waɗansu suka mai da ramin bayanta juji. Motoci kuma suka bukaci hanya mai faɗi, aka rushe ƙofofi da dama aka sake su da siminti, kamar yadda aka yi wa Ƙofar Na'isa a 2010. A 2007 Nijeriya ta sa ganuwar da wuraren da ke tare da ita cikin jerin da take neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin kayan gadon duniya, amma suna a takarda ba ya hana ruwa shiga bango. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada wani ya ce wannan damuwar mutanen birni ce kaɗai. Harshen da muke magana da shi a gida, da rigar da muke sawa, da irin zauren da kakanninmu suka gina, duk suna da dangantaka da garin nan. Ginin ƙasa kuma ba a Kano kaɗai yake ba. A garuruwanmu akwai tsofaffin zauruka da rumbuna, har da majami'u da ajujuwan makaranta na farko da iyayenmu suka gina da tubali, muna rushe su ba tare da ko ɗaukar hoto ba. Tsofaffin magina suna ƙarewa, samari kaɗan ne suke koyon ɗaurin bakan gizo. Ran da na ƙarshensu ya tafi, ko an sami kuɗin gyara ba za a sami hannun da zai yi ba.

Ga shawararmu ga iyaye da malamai. Ku zaɓi wata Asabar da rani, ku fita da sassafe. Ku fara da Gidan Makama, ku bi ta gaban fada, ku ratsa Kurmi, ku ƙare a Dala, ku riƙe ruwan sha. Ku sa tufafi na mutunci, ku gai da dattawan da ke zaune a ƙofar gida, ku nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum ko gidansa. Ran Juma'a da azahar hanyoyin wajen masallaci sukan cika, gara a bar wa masu salla wuri. Kowane yaro ya riƙe littafi da fensir, ya zana ƙofa ɗaya, ya rubuta sunanta, ya tambayi wani tsoho ma'anar sunan.

In kun koma gida kuma, ku sa yaran su nemi gini mafi tsufa a unguwarku ko ƙauyenku, su binciko wanda ya gina shi, da shekarar, da wanda yake yaɓe shi yanzu. In aka tarar babu mai yaɓen, to, ga aikin gayya ya samu ga matasa kafin ruwa ya sauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.